Ofishin da ya warware min takardar bashin ɗan kwangila: aikinsu, kuɗinsu da ƙorafina

Akwai wani ofishi a wajen titin Zoo a Kano wanda kusan duk aikinsa rigimar kuɗin gini ce: mai gida da ɗan kwangila, ɗan kwangila da mai kawo kaya, babban ɗan kwangila da ƙaramin da ya yanka wa aiki. Mutum biyu ne ke riƙe da shi, wata lauya da wani dattijo masanin ƙiyasin gini, sai samari biyu masu ɗaukar musu tef da fayil. Na yi hulɗa da su a 2024, na biya su da kuɗina, kuma tun daga lokacin 'yan uwana masu makarantu ke tambayata ko aikinsu ya kai kuɗin da suke karɓa. Ya kai. Amma ina da ƙorafi a kansu wanda zan faɗa a fili, kuma saboda shi ne na bar sunansu, don ba talla na zo yi ba, ba kuma ɓata wa kowa sana'a ba.

Ni mai makaranta ce, firamare da ƙaramar sakandare. Makarantar tana da rajista a hukumar CAC a matsayin kamfani, kuma wannan ne ya sa takardar da aka aiko min daga baya ta zama mai haɗari. A watan Satumban 2023 na ba wani ɗan kwangila aikin bene mai ajujuwa shida, uku a ƙasa uku a sama, da matakala da banɗakuna, a kan naira miliyan 42, kaya da aiki duk nasa. Mun rubuta yarjejeniya mai shafi huɗu, muka maƙala mata jerin ayyukan da farashin kowanne. Biya kashi-kashi ne: fandisho, dekin, rufi, sai gamawa. Kashi 5 cikin 100 za a riƙe har wata shida bayan miƙa makulli. Akwai kuma layi ɗaya da ya ce farashi ba zai canza ba.

Duk wanda ya ɗora bulo a wannan shekarar ya san abin da ya biyo baya. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, naira ta faɗi, siminti da muka fara aiki yana dubu biyar da 'yan kai ya haura dubu goma a wasu wurare cikin Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin dubu bakwai da dubu takwas. Rodi ma a kasuwar Ƙofar Ruwa yau da farashinsa gobe da wani. A watan Afrilu, bayan an yi rufi an fara filasta, Alhajin, wato ɗan kwangilar, ya kwashe ma'aikatansa ya ce sai an ƙara masa kuɗi. A lokacin na riga na ba shi miliyan 33. Aka yi ta aike, ba a daidaita ba. Sai ga takarda daga lauyansa a watan Yuli, an kawo ta ofishin makaranta an sa magatakarda ta sa hannu: ana bin kamfanina naira miliyan 17 da dubu 600, in biya cikin mako uku, in ba haka ba za su je Babbar Kotun Tarayya su nemi a rushe kamfanin a sayar da kadarorinsa. Da yammacin ranar wani ɗan uwansa ya kira mijina ya ce kafin kotu ma akwai 'yan sanda.

Wata ƙawata da ta gina asibiti ce ta tura ni wannan ofishi. Zaman farko dubu 50 ne, ana biya kafin a shiga. Barista ta karanta takardar sau biyu ba ta ce komai ba, sannan tambayarta ta farko ita ce, "Hajiya, kin ba shi amsa? Ko ta WhatsApp, ko saƙon murya?" Na ce a'a. Ta ce alhamdu lillahi, ta kuma yi min bayanin da nake ganin shi kaɗai ya isa dubu hamsin ɗin. Mu Hausawa idan aka ce ana bin mu bashi, kunya da ladabi kan sa bakinmu ya riga lissafinmu: Alhaji ka yi haƙuri, in sha Allahu za a biya, a ɗan ƙara mana lokaci. Wannan jimla ta mutunci, idan tana rubuce a waya, lauyan wancan ɓangaren zai buga ta ya kai kotu a matsayin amsa bashin gaba ɗaya, don dokar shaida ta 2011 ta yarda a karɓi saƙonnin waya da na kwamfuta idan an cika sharuɗɗanta. Ta ce daga yau duk wanda ya kira, in gaishe shi da kyau, in ce maganar tana hannun lauya, in tsaya nan.

Daga nan ta ɗauko dokar kamfanoni ta 2020, wadda suke kira CAMA, ta buɗe min sashe na 572 ta fassara min shi layi-layi. Idan wani yana bin kamfani bashin da ya wuce adadin da doka ta ƙayyade, ya kai masa takardar nema a ofishinsa, kamfanin ya yi biris har mako uku, doka na ɗaukarsa a matsayin wanda ya kasa biyan bashinsa, kuma wannan dalili ne na neman a rushe shi. Ta ce barazanar ba ta banza ba ce, kada in raina ta. Amma kotu ba ta yarda a mai da ƙarar rushe kamfani sandar karɓar bashin da ake jayayya a kansa da gaske ba. Sharaɗin shi ne jayayyar ta zama mai tushe. Cewa kawai "ban yarda ba" ba ya wadatarwa. Sai an nuna dalili da adadi da takarda, kuma ya fi ƙarfi idan an nuna kafin wa'adin ya cika. Abin da ya fi damunta, in ji ta, ba wai a rushe makarantar ba ne, don hakan da wuya. Damuwarta ita ce kotu ta ba da izinin buga sanarwar ƙarar a jarida, iyayen yara su gani, banki ya gani. Makarantar kuɗi amana take sayarwa, kuma jita-jitar za a rufe ta kaɗai na iya kwashe mata ɗalibai kafin alƙali ya ce komai.

Maganar 'yan sanda ba ta ɓata lokaci a kanta ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba laifi ba ce, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ma haka ta ce. Idan an gayyace ni in je tare da ita. Ba a gayyace ni ba.

Abin da ya bambanta wannan ofishi da zuwa wurin lauya shi kaɗai shi ne dattijon da ke ɗaya ɗakin. Barista da kanta ta ce min, "Takardata ba ta da nauyi sai Malam ya auna ginin nan." Malam yana da rajista da hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, QSRBN, kuma satifiket ɗinsa na rataye a bango, na karanta shi da idona. Ina ba duk mai neman irin wannan aiki shawara ya duba wannan, domin rahoton da za a iya kaiwa gaban alƙali sai da hatimin mai rajista. Ya nemi abubuwa huɗu: yarjejeniyar, zanen ginin, bayanan asusun banki da ke nuna duk kuɗin da na tura, da duk hoto ko saƙon da ya shafi aikin. Kafin ya taka filin, Barista ta rubuta wa lauyan Alhaji cewa za a yi awo rana kaza, su turo wakili. Suka turo fomansa. Wannan dabara ta yi amfani ƙwarai, don daga baya babu wanda ya iya cewa a bayan idonsa aka auna.

Na tsaya a wurin tun safe har la'asar, kuma ban taɓa ganin an karanta gini haka ba. Malam ba ya sauri. Yaro ɗaya ya riƙe bakin tef, ɗaya yana rubutu, shi kuma yana kiran lamba yana sa foman ya maimaita ta da bakinsa kafin a rubuta. Bango-bango suka bi, aji-aji. Ya gaya min cewa murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kamar goma, don haka idan an san tsawo da tsayi aka cire ƙofa da taga, an san bulon da ya shiga, ba sai an tambayi kowa ba. Rodi mai milimita 12 tsawonsa mita 12 ne, tan ɗaya yana ba da kamar sanda 94. Mai milimita 16 kuma kamar 52. Da zanen da hotunan da malamin lissafinmu ya ɗauka ranar da aka ɗaure rodin dekin kafin a zuba kankare, ya fitar da yawan ƙarfen da ke cikin benen. Ya ɗauki wani ɗan ƙarfe yana ƙwanƙwasa filasta, inda ya ji ƙarar rami sai ya zagaye da alli. A aji biyu na sama allin ya kusa cinye bango guda.

Sai ya sa aka kafa tsani ya hau rufi, da shekarunsa. Ya ciro wani ɗan ma'aunin kauri daga aljihun rigarsa ya maƙala a bakin kwanon, ya kira foman ya ce, "Zo ka karanta da kanka, ɗana." Yarjejeniya ta ce kwano mai kaurin 0.55. Ma'aunin ya nuna 0.45. Suka gwada a wuri daban-daban, duk haka. Foman ya yi shiru, ya sa hannu a takardar. Gani ya kori ji. Malam bai ɗaga murya ba, bai ce an yi cuta ba, ya rubuta abin da ma'auni ya ce kawai, ya sauko ya nemi buta.

Rahotonsa ya ɗauki miliyan 17.6 ɗin nan ya farfasa shi gida huɗu, yadda lauyan Alhaji ya haɗa shi: miliyan 9 ragowar kuɗin kwangila, miliyan 5.2 tashin farashi, miliyan 2.4 ƙarin aiki, miliyan 1 kuɗin ruwa na jinkiri. Daga nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Miliyan taran nan kuɗin gini ne da aka gama, alhali ginin bai gamu ba. Babu tayil a sama, babu fenti, babu wayarin, banɗakuna ba ƙofa ba kayan ruwa. Da farashin da Alhaji ya rubuta da hannunsa a jerin ayyuka, aikin da aka yi ya kama miliyan 36.5, wanda ba a yi ba miliyan 5.5. Aka cire kashi biyar na riƙo, wato miliyan 1 da dubu 825, aka cire miliyan 33 da na biya, sai ya rage ana bi na miliyan 1 da dubu 675. Ƙarin aiki kuwa Malam ya tabbatar da na miliyan 1.5: na sa an faɗaɗa sokawe, an ƙara tsawon baranda, an canza ƙarfen tagogin ƙasa zuwa mai kauri. Da baki na ba da umarnin, a gaban mutane, kuma aikin yana nan ana gani. Sauran dubu 900 na abubuwan da tun asali suna cikin yarjejeniya ne, kamar ƙarfen riƙo na matakala, aka sake lissafa su a matsayin ƙari. Kuɗin ruwa babu shi a yarjejeniyarmu, Barista ta soke shi da layi ɗaya. Gyaran filasta da bambancin kuɗin kwano ya kama miliyan 1.3.

Da muka zauna a kan rahoton, Barista ta ce, "Hajiya, miliyan uku da dubu ɗari da saba'in da biyar haƙƙinsa ne. Ki biya shi wannan makon." Raina a ɓace yake da mutumin a lokacin, ga gini a tsaye, ga barazana. Na tambaye ta ko ba za a riƙe ba har a gama magana. Ta ce a shari'ance riƙewar za ta cutar da ni, don muddin akwai bashin da ba a musunsa da ya wuce adadin da doka ta ƙayyade kuma ba a biya ba, ƙofar waccan ƙarar a buɗe take. Idan aka biya shi, abin da ya rage duk jayayya ce, kuma jayayya ba ta rushe kamfani. Malam kuma ya ɗago kai daga takardunsa ya ce, "Hajiya, kin san hadisin: jinkirin mai hali wurin biyan bashi zalunci ne." A nan na ƙara yarda da su. Ofishin da zai karɓi kuɗinka ya kuma gaya maka abin da ake bin ka da gaske, ba tare da ya rage kobo don ya faranta maka ba, shi ne wanda takardarsa za ta tsaya a gaban kowa. Bashi hanji ne, kuma ni ba gudun biya nake yi ba, gudun biyan abin da ba a yi ba nake yi. Na tura kuɗin ta banki, aka maƙala shaidar a jikin amsar.

Amsar ta fita kafin wa'adin ya cika. Shafi biyar ce, rahoton Malam a bayanta da hotuna da takardar awon da foman ya sa wa hannu. Babu zagi a ciki, babu cika baki. Ta ce ga abin da muka amsa mun biya, ga abin da muke musu da dalilin kowanne, ga abin da mu ma muke bi na gyara da na ƙarin kuɗin da zai ci mu wurin ƙarasa aikin da aka bari. Ta rufe da cewa idan aka shigar da ƙarar rushe kamfani bayan wannan bayani, za mu nemi kotu ta dakatar da ita kuma a ɗora musu kuɗin shari'a, sannan ta gayyace su zaman sulhu. Barista ta nuna min takardun neman dakatarwar a shirye a cikin fayil, ba a kai ga amfani da su ba.

Miliyan 5.2 na tashin farashi ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ne nake so in yi wa Alhajin adalci. Ba ɓarawo ba ne. Kasuwa ta doke shi kamar yadda ta doki kowa, kuma na san yana da wasu ayyukan da suka fi nawa cinye shi. A takarda ba shi da hujja, tunda ya sa hannu cewa farashi ba zai canza ba. Manyan yarjejeniyoyin gini suna da sashe na musamman da ke faɗin yadda za a raba tashin farashi. Tamu ba ta da shi. Amma Malam bai tsaya a nan ba, ya ce a kawo rasit. Da aka jera rasit ɗin da ranakun da na tura kuɗi, sai ya bayyana cewa simintin fandisho da na dekin da kusan duk rodin an saye su kafin ƙarshen Disamba, da kuɗin da na bayar a Nuwamba, tun farashi bai tashi ba. Abin da tsada ta same shi da gaske simintin filasta ne da na 'yan ƙarashe-ƙarashe, buhu 220, ya saya a kan dubu tara da ɗari biyar maimakon dubu biyar da ɗari uku da aka lissafa. Bambancin bai kai miliyan ɗaya ba.

Zaman sulhun a ofishinsu aka yi, Alhaji da lauyansa da wani dattijon unguwarsu, ni da mijina da yayana. Barista ta ce da ba a yarda da wurin ba, da sai mu tafi cibiyar sulhu ta babbar kotun jiha, irin wadda Legas ta fara buɗewa a 2002 kuma Kano ma tana da tata. Ta kuma gaya mana cewa dokar sulhu da sasanci da aka sa wa hannu a Mayun 2023 ta ba yarjejeniyar da aka cim ma ta hanyar sulhu ƙarfin da kotu za ta iya zartar da ita. Ta ambaci Ingila, inda tun dokar 1996 ake da mai yanke hukuncin wucin gadi a rigimar kuɗin gini cikin kwana 28, aiki na ci gaba ana biya. Mu nan ba mu da irin wannan doka, shi ya sa 'yan kwangila ke kama duk sandar da suka samu. Abin da ya burge ni shi ne ba su raina dattawan ba. Sun bar dattijon ya buɗe da addu'a ya yi nasiha, sun bar yayana ya yi tasa, sannan Malam ya shimfiɗa takardar awo a tsakiyar tebur. Kowa ya ce wani abu, sai a koma kan lamba.

Na yarda na ɗauki dubu 900 na simintin filasta, ba don doka ta tilasta ni ba, sai don asarar gaskiya ce kuma ginina simintin ya shiga. Na kuma janye neman ƙarin kuɗin ƙarasa aiki. Shi kuma ya janye sauran, ya yarda a cire miliyan 1.3 na gyara daga kuɗin riƙo a ba shi ragowar dubu 525. Gaba ɗaya abin da ya fita daga hannuna zuwa gare shi miliyan 4.6 ne, daga 17.6 da aka nema. Akwai wani sharaɗi da ni na roƙa a sa. Birkiloli da leburorin da suka yi filasta sun sha zuwa ƙofar makaranta suna cewa ba a sallame su ba, wasunsu 'ya'yansu ba su fi ɗalibaina ba. Barista ta ce a doka ba ni ce ke da alhakinsu ba, kuma in na ba su kai tsaye ba da yardarsa ba, ba za a cire min daga bashin ba. Sai ta rubuta a yarjejeniyar cewa da amincewar Alhaji za a biya su dubu 380 daga cikin kuɗinsa, a gaban fomansa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Haka aka yi.

Yanzu ƙorafi. Na farko kuɗi ne. Awon Malam da rahotonsa dubu 400, an faɗa min tun farko, ban ga laifinsa ba. Aikin Barista aka ce min dubu 400 shi ma, na ɗauka har ƙarshen magana ne. Bayan zaman sulhu sai ga takardar ƙarin dubu 250, wai kuɗin farko na amsa takarda ne da shirya takardun kotu, halartar sulhu da rubuta yarjejeniya daban ne. Aikin ya cancanci kuɗin, ban yi jayayya ba na biya. Amma ofishin da sana'arsa ita ce raba mutane a kan ƙarin aikin da ba a rubuta ba, ya kamata ya zama na farko wurin rubuta wa mai hulɗa da shi iyakar abin da kuɗinsa ya ƙunsa. Na faɗa mata haka a fuskarta, ta karɓa. Jimillar abin da na kashe a wurinsu miliyan 1.1 ne.

Na biyu samun Barista a waya. Safiya tana kotu, wayar a kashe, yaron ofis kuma ba ya iya cewa komai sai "za ta kira ki". Ga wanda wa'adin mako uku ke bin sa, wannan shiru yana da nauyi ƙwarai. Makon farko ya wuce ba abin da ya fita sai gajeriyar takarda ta cewa mun samu taku, muna musun adadin, cikakkiyar amsa na tafe. Daga baya na fahimci cewa wannan takarda da gangan aka yi ta kuma ta yi aikinta, amma babu wanda ya zaunar da ni ya gaya min tsarin kwanakin tun farko. Barci ya ƙaurace min a wannan makon, kuma saƙo ɗaya a rana da ya ishe ni.

Na uku harshe. Duk bayanin baki da Hausa suka yi min, mai kyau kuwa. Amma rahoto da wasiƙu da yarjejeniyar ƙarshe duk Turanci ne, Turancin ma na lauyoyi. Ni na yi boko, na lallaɓa. Yayana da ya sa hannu a matsayin shaida sai da aka fassara masa a tsaye. Yawancin masu gina shaguna da gidajen haya a garin nan 'yan kasuwa ne da karatunsu na allo ne da na zaure, kuma su ne suka fi faɗawa wannan rigima. Shafi ɗaya na taƙaitawa da Hausa, ko da boko ko da ajami, ba zai ci musu komai ba.

Ba kowa ne ya kamata ya je wurinsu ba. Idan rigimarka da birkila ce a kan dubu ɗari uku, kuɗin awo kaɗai ya cinye abin da ake faɗa a kai. Mai unguwa ko kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019 sun fi maka. Idan kuma ka san an gama maka aiki lafiya kuɗin ne kawai ba ka son fitarwa, tef ɗin Malam ba zai taimake ka ba, zai ma rubuta bashin da hatiminsa. Wanda ba kamfani ba ne, sashe na 572 bai shafe shi ba, amma Barista ta ce akwai hanyar gaggawa a babbar kotun jiha ta bashin da ba a musu, wadda idan mutum bai shigar da takardar rantsuwa mai nuna kariyarsa a kan lokaci ba za a iya yanke masa hukunci ba tare da an saurari shaidu ba, don haka shi ma awo da rasit ne za su cece shi. 'Yan kwangila ma suna zuwa, na tarar da wasu a ɗakin jira waɗanda masu gini suka riƙe wa kuɗi, kuma aikin iri ɗaya ake yi musu.

Ragowar ginin wani na ba, da jerin da Malam ya fitar. Aikin miliyan 5.5 a farashin 2023 ya ci ni miliyan 7.2. A sabuwar yarjejeniyar Barista ta sa sashen tashin farashin siminti da rodi da yadda za a raba shi, ta sa cewa duk ƙarin aiki sai an rubuta shi da farashinsa kafin a fara, Malam kuma yana zuwa ya auna kafin kowane biya, dubu 60 duk zuwa. Wanda zai je wurinsu ya tafi da takardar neman bashin da ambulan ɗinta, ya rubuta ranar da aka miƙa ta da sunan wanda ya karɓa, don daga ranar ake fara ƙirga. Ya haɗa da yarjejeniya, zane, bayanan banki da wayar da saƙonnin ke ciki, kada ya goge komai ko da yana ganin ba ya goyon bayansa. Ya kuma nemi a rubuta masa kuɗin aikinsu mataki-mataki, har da zaman sulhu, kafin ya biya na farko.